Bugun Gorar Jatau

Filin da na koyi ƙwallon gora a cikinsa yau babu shi. An yanka shi fuloti-fuloti, an jera shaguna, kuma daidai inda muke kafa duwatsun raga yanzu wani mai faci ne ke gyaran tayoyin manyan motoci. Kullum ta nan nake bi in za ni tasha, domin tun da na bar wasa kamasho nake yi a tashar Jega, har gwiwoyina suka ƙi, ya zama zama kawai nake yi ana gaishe ni. Mai facin nan yana da wani guntun ƙarfe da yake ƙwanƙwasa taya da shi. Shekara da shekaru, duk sanda ya buga ina kusa, sai in tsaya cak a tsakiyar hanya kamar wanda aka kira da sunan yanka. Masu babur sun sha zagina a kan haka. Ba su san abin da nake saurare ba, ni kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka zan faɗe shi yadda ya zo mini.

Ni ɗan mahauta ne. Abin da ya fara tashe ni daga barci a duniya shi ne sautin gatarin mahaifina a kan gungume, da ƙarar wuƙa a kan dutsen washi. Aikina shi ne in kai tumbi da hanji gulbi in wanke, in dawo in kori ƙuda da ungulu, in ɗauki tire in zaga unguwa. In an yi la'asar aka sallame mu, sai mu gangara inda ruwa ya janye ya bar ƙasa mai tauri kamar daɓe. Ƙwallonmu ƙodagon goriba ne, wanda muka gwaigwaye muka bar shi sumul. Gorarmu kuwa saiwar geza ce ko reshen da Allah ya halitta da lanƙwasa, mu gasa shi a wuta, mu danne da dutse ya kwana. Babu takalmi, babu alƙali. In ƙodago ya sami ƙaurinka sai ka yi tsalle da ƙafa ɗaya ana yi maka dariya, in ka yi kuka an sa maka suna ke nan har tsufa. Daga nesa mata masu daka suna jin ƙwas-ƙwas ɗinmu, mu ma muna jin lugudensu, har a kira magariba. Yaran yanzu ba su san goriba tana da wani amfani bayan ci ba. Suna da riguna masu sunayen 'yan wasan ƙasashen da ba su taɓa gani ba, amma ka duba ƙaurinsu, fes, ko tabo ɗaya babu. Ban ce sun yi asara ba. Na dai ce ba su san wannan sautin ba.

Mahaifina yakan dube ni ina yankan nama da gaggawa don in tafi fili, ya ce, "Kai, sauri shi ka haihuwar nawa. Wuƙa ba ta gaggawa, mai riƙe da ita ka yi." In ce to, ƙafata tana ƙofa.

A makarantar kwana na fara ganin gora ta gaske, mai santsi, mai zare a mariƙi. Malamin wasanninmu Kirista ne daga can ƙasar duwatsu, gajere, mai usur a wuya, kowa Ticha yake ce masa. Shi ya dube ni ya ce ƙashina na ɗan baya ne, wato masu tsaron gida gaban gola. A wancan zamani 'yan baya biyu ake tsayarwa, ɗaya dama ɗaya hagu. Wanda aka haɗa ni da shi wani dogo ne fari daga Karaye ta wajen Maiyama, ɗan manoma, ana ce masa Jatau. Ranar farko ya shinshina iska kusa da ni ya ce, "Ba-Ba-Barunje, ka bar tire waje?" Na ce masa ɗan ƙauye wanda bai taɓa ganin famfo ba. Sunan Barunje, wato mahauci, ya bi ni har filayen birni. Jatau yana da i'ina mai tsanani, in ransa ya tashi kalma takan maƙale masa a wuya kamar ƙashin kifi.

Ƙa'idar 'yan baya guda ce, kuma Ticha ya dasa mana ita da bulala da lallashi. Ɗaya yana iya hawa gaba da ƙwallo in ya ga hanya, amma sai ɗan'uwansa ya duba bayan fili, ya ga babu haɗari, ya ce masa tafi. Mai tafiya ba ya ganin abin da ke bayansa, mai tsayawa ne idonsa. To ni ne mai son tafiya, Jatau ne mai tsayawa, ga shi kuma kafin "tafi" ta fito daga bakinsa an gama wasa. Wata rana Ticha ya hura usur, ya zo ya kama gorar Jatau ya buga ta a ƙasa, ƙwas. Ya ce, "Daga yau wannan ce maganarka. Kai kuma Barunje, in ba ka ji wannan ba, ko uwarka ce ke kiranka a gaba, kada ka motsa." Haka muka tashi. Ko fili ya cika da ihu, ina iya tsince bugun gorar Jatau daga cikin bugu ɗari, yadda uwa ke tsince kukan ɗanta.

Bayan makaranta wata masaƙa a babban birni ta ɗauke mu mu biyu. A takarda mu ma'aikatan sashen rini ne, amma ban taɓa rina ko ƙyalle ba, fili ne wurin aikinmu. Mun ci shekarun ƙuruciyarmu a cikin motar ƙungiya, daga wannan gari zuwa wancan, muna kwana a azuzuwan makarantu, muna shafa man zafi, muna ɗaure ƙauri da kwali in abin kariya ya yage. Haƙorana na gaba a wani fili na kudu na baro su. Aikin ɗan baya aiki ne da ba a gani sai ranar da ya lalace. In an ci wasa, sunan wanda ya jefa ƙwallo ake faɗa a rediyo. In an sha kashi, sai a tambayi ina 'yan baya suke. Jatau bai damu ba. Ni na damu, kuma a nan laifofina suke. Ina son in ji 'yan kallo suna kiran Barunje. Ina da zuciya, in alƙali ya juya baya nakan sa gora a idon sawun mutum in wuce kamar ban san an yi ba. Na sha haɗa azahar da magariba saboda wasa, Jatau yana shimfiɗa rigarsa a bayan mota yana salla shi kaɗai. Amma duk da wannan ina da abu ɗaya da nake tinƙaho da shi, har nakan faɗa wa sababbin 'yan wasa: ban taɓa hawa gaba ba sai na ji bugun Jatau.

Sai ranar nan ta zo. Wasa ne babba, an yi kunnen doki, rana ta yi sanyi, lokaci ya kusa cika. Ƙwallo ta zo gorata, na ɗaga kai na ga hanya a buɗe har bakin da'irar da ke gaban ragar abokan karawa. Na ji ƙwas. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa na ji shi. Na tafi, na wuce mutum, na wuce na biyu, 'yan kallo suka fara kiran sunan nan da nake so, sai na uku ya zare ƙwallon daga gorata kamar ana zare gashi daga man shanu, ya cilla ta baya. Da na juya, mutum biyu ne suka taso wa Jatau shi kaɗai. Ya tare ɗaya, aka miƙa wa ɗayan, sai ya jefa jikinsa gaba ɗaya ya miƙe ƙafa. Gora da ƙwallo suka sauka tare a ƙaurinsa. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an taka busasshen karan dawa. Ƙwallo ba ta shiga ba. Ba na tuna yadda wasan ya ƙare.

Jatau ya ce ba inda za a taɓa ƙafarsa sai Aliero, wurin masu ɗori, inda aka ɗora kakansa. Ni na rako shi a bayan wata motar albasa da ke komowa babu kaya, kansa a cinyata, kowane rami sai ya cije leɓe. Mai ɗorin tsoho ne, ya shafa ƙafar da yatsu yana kallon sama, sannan ya dubi mutanen da ke tsaye ya ce, "Wa ya fi shaƙuwa da shi? Shi ka riƙo. Baƙo sakin mutum shikai in ya ji kuwwa." Aka dube ni. Na zauna a bayansa, na rungume ƙirjinsa, tsohon ya yi bisimilla ya ja. Jatau bai yi ihu ba, damtsena ya kama da haƙora, tabon yana nan. Bakina yana daidai kunnensa, tambaya tana kan harshena: ka buga ko ba ka buga ba? Na ji zuciyarsa tana dukan hannuna, sai na haɗiye tambayar. Aka jera 'yan sanduna, aka ɗaure, aka yi tofi. Ƙafa ta kama, amma ta ɗan gajarce, kuma ɗan baya mai ɗingishi ba shi da wuri a fili. Ya koma Karaye ya kama fartanya. Ni na ci gaba da wasa da wani abokin tsaro mai babbar murya, har masaƙa ta rufe, ƙungiya ta watse, na dawo Jega da gwiwoyi marasa kyau da gora ɗaya da gara ta cinye daga baya.

Karaye ba nisa gare ta ba. Kullum da hannuna nake loda motocin hanyar Maiyama. Nakan aika wa Jatau da gaisuwa, da goro, da cinya ranar layya. In ya yi suna ko aure nakan je, amma sai na tabbata taro ya cika, in miƙa hannu daga cikin mutane, in ce mota tana jira. Ban taɓa yarda mun zauna mu biyu ba. In ya buga, to ƙaddara ce, mu duka mun yi kuskure. In bai buga ba, to son suna ne ya yi mini ƙwas a kunne, kuma ni na karya shi. Muddin ban tambaya ba, ina da rabin kwanciyar hankali, kuma na zaɓi rabin nan a kan abokina. Sautin kuwa bai bar ni ba. Yana cikin taɓaryar matata, yana cikin sandar makaho a bakin kasuwa, yana cikin ƙarfen mai faci.

Wata safiya a rumfar mai shayi ta tasha, talabijin yana nuna wasannin ƙasashen waje, sai ga wasu Turawa suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu wuƙa a ƙasa, sun yi ɗamara kamar masu shiga yaƙi, kowa da gora. Direbobi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, ga naku can! Su ƙanƙara tai musu yawa har wasa sukai bisanta, mu ko ta sanyaya ruwa ba mu samu." Wani ya ce, "Baba, da an kai ka can da ka daskare awa kifin firji." Na yi dariya tare da su, amma idona ba ya kan ƙwallon, wadda ma ba a ganinta don sauri. Na nemi biyun baya, na same su, suna ja da baya tare, kafaɗa tana lura da kafaɗa. Sai ɗaya ya ɗauki ƙwallo ya hau, na bayan ya buga gorarsa a kan ƙanƙara. Babu wanda ya lura a rumfar. Ni kofina ya karkace, shayi ya zuba mini a riga. Ashe har a ƙasar da ruwa ke zama dutse akwai mai tafiya da mai tsayawa. Ina goge rigar, wani direban hanyar Maiyama ya matso ya ce, "Baba, ka ko ji abokinka na Karaye jiki ya ƙiya? Ƙahwahu sun kumbura, ba shi ko zuwa masallaci."

Da na faɗa wa matata, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Malam, kai ka loda mutane kullum. Yau ka loda kanka."

Na same shi da hantsi a rumfar ƙofar gida, kusa da rumbunan gero, an jingina shi da matashi. Ya rame, farin nan ya koma kamar toka. A gefensa ga tsohuwar gorarsa, ya juya ta, lanƙwasar ta zama mariƙi, ita ce sandarsa duk shekarun nan. Babu taro. Tsufa ya sassauta masa i'ina, sai dai yakan huta a tsakiyar magana.

Ya ce, "Barunje. Nama ya ƙare Jega ne kat taho?"

Na ce, "Na zo ganin ko an kawo muku famfo."

Ya yi dariya har ta zama tari. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka ambaci waɗanda suka riga mu, Ticha da gola da direban motar ƙungiya. Magana ta ƙare. Kaji suna tono a gindin rumbu. Na dubi ƙafar nan da ta gajarce, na ce, "Jatau, akwai abin da nike son tambaya tun Aliero."

Ya ce, "Na sani. Na ji shi cikin ƙirjinka sadda kar riƙe ni."

"Ran nan, ka buga?"

"Ban buga ba."

Na buɗe baki zan fara neman gafara, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ban ƙare ba. Kai kana tsammanin ran nan kaɗai ne? Barunje, tun muna makaranta ba ka taɓa jirana ba. Ko sau guda. Kai ka tahiya, in na ga bayanka sannan in buga."

Na ce, "Haba Jatau. Da kunnena nike ji."

"Kana ji mana, kana gudu kana ji. Da farko don kada Ticha shi dake ka nike yi. Daga baya don hankalinka shi kwanta, ka san ina nan. Ran nan ma na ɗaga gora zan buga maka, sai na hangi mutum biyu sun ɓalle. Ban samu sauke ta ba."

"To mi naj ji?"

"Abin da kas saba ji."

Abu ɗayan da nake tinƙaho da shi a duk wasana, wanda na koya wa yara da ɗaga murya, ashe ba nawa ba ne, aron da Jatau yake ba ni ne a kowane wasa. Na ce, "Don mi ba ka taɓa hwaɗa mini ba?"

Ya ce, "In na hwaɗa maka sai ka dinga waiwaye. Mai tahiya yana waiwaye ba shi da amfani ga kowa. Kai tahiya ka iya, ni tsayi na iya, da haka munka ci abinci." Ya huta, ya ja numfashi. "Ƙahwa ba ta dame ni ba. Na yi noma da ita, na aurad da ɗiya da ita. Abin da yad dame ni, in ka zo suna sai ka laɓe bayan mutane awa ɓarawon akuya. Babu mai sanin wasan nan garin ga. In na ce na taɓa tare mutum biyu ni ɗai, jikokina dariya sukai. Kai ɗai ka iya shaida, kai ko ka gudu."

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a bayan motar albasa, amma na shekarun ɓuya sai ya yi shawara. Muka yi dariya, hawaye yana bin inda haƙorana suke a da.

Da la'asar direban da ya kawo ni ya dawo, ya tsaya a bakin hanya yana danna ham. Na miƙe, na yi sallama, na kai bakin rumfa. Sai ƙafata ta tsaya. Na juyo na dube shi, na dubi gorar. Ya gane. Ya ɗauko ta a hankali, ya ɗora a cinya, ya riƙe da hannu biyu. Direba ya sake danna ham. Na tsaya, ban motsa ba.

Ya ce, "Ba yanzu ba. Zamna."

Na zauna. Mota ta tafi. Na aika wa matata ta turo mini kaya. Kwanakin da suka rage masa a wurinsa na yi su. In tari ya taso nakan zauna a bayansa in rungume ƙirjinsa yadda mai ɗori ya koya mini. Da yamma jikokinsa suka riƙa taruwa, na ba su labarin ranar da kakansu ya tare mutum biyu shi kaɗai, na nuna musu tabon haƙoransa a damtsena, babu wanda ya yi dariya.

Ya cika da safe, bayan an gama girbin gero. Aka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida. Babban ɗansa ya ga ina dafa bango, sai ya miƙo mini gorar ya ce in dogara. Matasa suka ɗaga makara, kuma kowa ya san yadda ake sauri da gawa. Na bi su iyakar ƙarfina, amma kafin mu fita daga cikin rumbuna sun yi mini nisa. Na tsaya a kan ƙasa mai tauri, ni kaɗai a baya, ina kallon farin likkafaninsa yana tafiya a saman kawuna. Bai jira ni ba. Na duba hagu, na duba dama, babu kowa sai kaji da iska a cikin karmami. Na juya gorar yadda ake riƙe ta a fili, na ɗaga, na buga masa ita a ƙasa.